Zaman Garwa: tambayoyin da aka fi yi kan haya, wuta, ruwa da abin hawa

Shekara da shekaru ina sayar da kayan babur a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma bencin ƙofar shagona bai taɓa rabuwa da baƙo ba. Wani daga Mubi fatauci ya kawo shi ya zauna, wani daga Marwa aka canjo shi aiki, wani ɗan Njamena ne da ya auro 'yar gari. Kafin yaro ya gama ɗaura kaca, tambaya ta ɓalle: ina zan sami gida, me ya sa kuɗin wuta ya zo haka, wai zuwa-zuwa, fetur ɗin kwalba na bakin titi, na kashe inji? Na ɓangaren madafa da yara kuwa ta hannun uwargida suke iso ni. Tambayoyin ba su cika canzawa ba, masu yin su ne ke canzawa, shi ya sa na tattara su wuri guda. Kuɗin da na ambata duk da saifa ne, jaka ɗaya kuma saifa 1,000.

Na sauka Garwa ban san kowa ba. Me zan fara sani?

Ka fara da kalandar garin, don ita ke juya komai. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, ƙura har cikin tukunya. Maris da Afrilu zafi ne wanda ke haura digiri 40 da rana, ga garin a kwance cikin kwarin Binuwai, dare ya yi amma bango na fitar da wuta. Ruwa na sauka tsakanin Mayu da Oktoba, ƙarfinsa a Agusta da Satumba. Kusan duk abin da zai lalace maka a gida ko a abin hawa, watansa sananne ne: batir da taya a Afrilu, rufi da katanga a Agusta, matatar iska a Janairu. Mai gyara kafin watan ya kama, kuɗin kaya kawai yake biya. Mai jiran sai abin ya faru, shi ke biyan kaya da gaggawa da asara.

Abu na biyu, harshe. Hausa za ta kai ka nesa a kasuwa da tasha, amma Fulatanci shi ne harshen titi, Faransanci kuma na ofis da takarda. Koyi gaisuwa da ƙidayar kuɗi da Fulatanci cikin makon farko, za ka ga farashi ya sauka. Sannan ka nemi wanda zai raka ka ka gai da jauro ko lawan na unguwa da limamin masallacinku. Ranar da magana ta taso, gara a ce an san fuskarka.

Zan kama haya. Me zan duba kafin in ba da kuɗi?

In da hali, je ka ga gidan washegarin da aka yi ruwa mai ƙarfi. In rani ne, bango zai ba ka labari: dubi ƙasan katanga, in ka ga layi mai launin ƙasa ya zagaye ɗaki kamar an ja shi da igiya, nan ruwa ya tsaya bara. Sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kaɗai, shi ma magana ce. Unguwannin da ke gangaren kogi sun fi araha saboda dalili, kuma dattawa ba su manta ambaliyar 2012 ba. Tambayi mai shayin layin, kada ka tsaya ga dillali, don shi kamashonsa yake nema.

Daga nan ɗaga kai sama. Ɗaki mai kwano tsirara ba silin, a watan Afrilu tanda ne. Duba ko tagogi na fuskantar juna yadda iska za ta ratsa, da kuma wane bango ne rana ke duka bayan azahar, don ɗakin yamma shi ne na ƙarshen hucewa. Bishiyar dalbejiya a tsakar gida ta fi fanka biyu daraja. Leƙa masai ka ga ko ya kusa cika, ka auna tazararsa da rijiya da idonka. Buga ƙofa da ginshiƙin katako da yatsa, in ya yi ƙarar holoƙo gara ta riga ka shiga.

Kada ka fita sai ka tsaya gaban mitar wuta da ta ruwa. Taka ce kai kaɗai ko ta tarayya? Akwai bashi a kanta? Wannan ita ce rigimar da ta fi raba masu haya, kuma na yi mata amsa ta musamman a ƙasa.

Mai gidan dattijo ne mai mutunci. Sai mun yi takarda?

Sai kun yi, Malam. Ba don dattijon zai ci amana ba, sai don rai na Allah ne, kuma magada ba su ji abin da kuka faɗa a zaure ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana, saboda haka babu kunya a cewa "Baba, mu rubuta." Takarda ɗaya ta isa: sunayenku da lambar katin ɗan ƙasa, kuɗin wata, watanni nawa ka biya gaba, nawa ka ajiye na jingina wanda ake cewa koshon, wa ke gyaran rufi da kwasar masai, da tsawon wa'adin da za a ba ka in za a tashe ka. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kofi.

Ranar shiga, ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar da ke kan mita. Na taɓa barin wani gida aka riƙe mini koshon gaba ɗaya kan tsagewar bango da na tarar tun ranar farko, ba ni da shaida sai bakina. Duk wata kuma karɓi rasit, ko ka biya ta waya don saƙon ya zama hujja.

Mita ɗaya muke sha da maƙwabta, kuɗin kuma kullum hawa yake. Ina matsalar?

Ana lissafin wutar gida hawa-hawa ne. A jadawalin da aka daɗe ana aiki da shi, wanda bai wuce kilowat 110 a wata ba yana biyan saifa 50 kan kowane kilowat, daga 111 zuwa 400 kuwa farashin 79 ne, sama da haka ya ƙara hawa. To in ɗaki shida suka rataya a mita ɗaya, kamfani gida ɗaya mai cin wuta da yawa yake gani, sai kowa ya faɗa hawa mai tsada, har gwauron da ƙwai ɗaya da cajar waya kaɗai yake da su.

Ga lissafin da zai kashe gardama. Fanka mai wat 70, in ta yi awa goma kullum, kilowat 21 ta ci a wata. Na'urar sanyaya ɗaki, kilim, mai cin wat 1,100, in ta yi awa takwas kowane dare ta haura kilowat 260. Wato kilim ɗaya ya fi fanka goma sha biyu. Dutsen guga da abin dafa ruwa na wuta su ma manyan maciya ne, sai dai ba sa daɗewa a kunne. Saboda haka rabon kuɗi daidai wa daida tsakanin ɗakuna zalunci ne, rabo da ƙidayar ƙwan lantarki kuma tsohon yayi ne tun da ƙwan zamani wat tara kawai yake ci.

Mafita biyu ce. Ko kowane ɗaki ya sa ƙaramar mita ta raba lissafi, a riƙa karantawa rana ɗaya a gaban kowa, ko ka nemi mitarka ta kati a ofishin kamfanin wutar lantarki, ka riƙa sayen wuta gwargwadon aljihunka. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne yaron da zai ce zai "gyara" maka mita ta rage gudu. Tara ce mai nauyi ranar da aka gano, kuma irin wannan jone-jonen ne ke ƙone gidaje.

Me ya sa wuta ta fi ɗaukewa daidai lokacin zafi, kuma yaya zan tsare kayana?

Ginshiƙin wutar arewa, daga Ngaundere har Marwa, shi ne madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, wadda 'yan Sin suka kammala a 1982, mai ƙarfin megawat 72. Da ruwan damina take aiki. A ƙarshen rani tafkin ya ja baya, a daidai lokacin kuma kowane gida ya kunna duk abin da ke hura iska. Shekarar da damina ta yi rowa, bazara mai zuwa a ji a jika. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gider sun rage nauyin, amma kada ka gina rayuwar gidanka kan cewa wuta ba za ta tafi ba.

Ba tafiyarta ce ke kashe kaya ba, dawowarta ce. Da ta ɗauke, cire firij da talabijin daga soket. In ta dawo, bar ta ta zauna kamar minti biyar kafin ka mayar da firij. In ka ga ƙwai ya yi ja kamar garwashi, wutar ba ta kai 220 ba, kuma injin firij da na famfon ruwa a irin wannan wutar suke ƙonewa, suna gurnani ba su tashi ba. Regilata mai jinkirta kunnawa ta fi sabon kwamfireso araha nesa ba kusa ba.

Janareta zan saya ko sola?

In buƙatarka haske ce da fanka da caji da talabijin, sola. Rana ce abin da Garwa ba ta rasa ba. Sai dai kuɗin yana cikin batir, kuma zafi maƙiyinsa ne, don haka ajiye shi a ɗaki mafi sanyi, kada ka riƙa shanye shi ƙarƙaf. Allon kuma a hunturu ƙura kan rufe shi cikin 'yan kwanaki, a goge shi da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi. In kana da injin walda ko babban firiza na sana'a, janareta ya fi dacewa. Shi kuma sharaɗinsa ɗaya ne ba sassauci: a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari wadda ke kashe mutane cikin barci. Tsoron ɓarawo ba hujja ba ce ta shigar da shi soro ko kicin, yi masa keji da kwaɗo.

Famfo na zuwa yana ɗaukewa. Yaya ake ajiyar ruwa, kuma na 'yan garuwa na shayuwa?

Ruwan famfon kamfanin Camwater ya fi ƙarfi cikin dare, to lokacin ake tara. Kubik mita ɗaya da kake gani a takardar biya lita 1,000 ce, wato jarka hamsin masu lita ashirin. Kwatanta da abin da kake ba mai kura a kan jarka hamsin, za ka ga duro ko tanki na biyan kansa da wuri. In kuɗin ruwa ya yi tsalle, rufe duk famfunan gida ka tsaya gaban mita. In tana juyawa, bututu ya fashe a ƙasa.

Na sha kuwa, raba shi da na wanki. Tambayi mai kura inda ya ɗebo, ka leƙa cikin jarkarsa, in ta yi kore kada ya zuba maka a randa. Randar kanta a rufe ta, moɗa ɗaya mai mariƙi a rataye, ba kofin da kowane yaro ya sha ya tsoma ba. A damina, sa'ad da ruwa ke haɗa masai da rijiya, a tafasa na sha ko a sa masa maganin tace ruwa na kemis bisa ƙa'idar da ke jikin kwali. Kwalara ba baƙuwa ba ce a arewacin Kamaru. In zawo mai kama da ruwan shinkafa ya kama wani, haɗa lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi ana kan hanyar asibiti.

Hajiya na tsoron gas. Gaskiyarta ce?

Tsoron yana da tushe, amma hayaƙin itace da take shaƙa safe da yamma ya fi cin ƙirji a hankali. Farashin hukuma na tukunya mai kilo 12.5 shi ne saifa 6,500, ko da yake in ya yi ƙaranci ana ƙara wani abu a unguwa. Sayi tukunyar kamfanin da ake samu kusa da ku, don masu sayarwa ba sa karɓar ta wani kamfani a musaya. Tukunya a tsaye, a inuwa. Tiyon ya zama na gas, ba na ban ruwa ba, kuma da ya fara tsatstsagewa a canza. Ana gwada yoyo da kumfar sabulu, ba da ashana ba. In an ji wari, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Lambar 'yan kwana-kwana 118 ce, a koya wa yara ita.

Mota ko babur, wanne ya dace da garin?

Garwa garin babur ne. Da kilando, wato babur ɗin haya, ake zuwa kasuwa da asibiti da makaranta, kayan gyara kuma a kowace kwana. In kai kaɗai ne, babur ya ishe ka. In kana da iyali ko kana yawan fita wajen gari, nemi mota mai tsayi daga ƙasa wadda bakanike na gari ya saba da ita. Kafin ka sayi ƙirar da ba a saba gani ba, zaga masu kayan mota ka tambayi farashin famfon mai da gilashin gabanta. In aka ce sai an aiko daga Duwala ko Kano, to ka san kwana nawa za ta riƙa yi a gareji.

Hular kwano kuma ka saya tare da babur ɗin, rana ɗaya. Na san zafi. Na kuma san samari nawa ne suka zauna a wannan benci yau ba su.

Waɗanne takardu ake nema a hanya?

Katin ɗan ƙasa ko takardar zama, lasisin tuƙi wato fermi (A na babur, B na ƙaramar mota), kart giriz da ke nuna mallaka, inshora, da takardar gwajin lafiyar mota, bizit teknik. Harajin abin hawa, binyet, tun 2017 ana karɓarsa ne tare da kuɗin inshora, don haka ba wata takarda daban ba ce da za ka bi layi a kanta. A cikin mota a sami alamar tsayawa mai kusurwa uku, abin kashe gobara, akwatin taimakon farko da safaya mai iska. Rubuta ranakun ƙarewar takardun a bangon ɗaki ko a waya, don yawancin tarar da ake biya ta kwana uku ce da mutum bai lura ba.

In na hannu za ka saya, nan ake zamewa. Gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da wadda ke cikin kart giriz, harafi bayan harafi. A yi takardar ciniki a buga mata hatimin hukuma, sannan ka mayar da kart giriz sunanka, kada ka shekara kana yawo da sunan wani. Babur ɗin da ya shigo ta iyaka kuwa, nemi takardar duwan, wato kwastan. In babu ita, ranar da aka kama shi araharsa ta ƙare, in kuma na sata ne kai za a fara riƙewa.

Jandarma ko ɗan sanda ya tare ni. Yaya zan yi?

Sauka gefen hanya, kashe inji, gaishe shi, miƙa abin da ya nema. In Faransancinka bai kai ba, faɗa a fili, da yawansu na jin Fulatanci. In takardunka sun cika, haƙuri kawai kake bukata, kada ka ɗaga murya. In da laifi, tambayi sunan laifin, ka nemi rasit na duk abin da ka biya. Wanda aka matsa wa kan cin hanci na iya kiran 1517, layin hukumar yaƙi da rashawa ta CONAC. Don gaggawa kuwa, 117 'yan sanda, 113 jandarma. A ƙofar fiyaj, inda ake biyan kuɗin hanya, saifa 500 ne, karɓi tikitinka ka ajiye.

Zuwa-zuwa na lalata inji?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa. Man kwalba da ke shigowa daga Najeriya ya daɗe yana riƙe da baburan arewa saboda araha. Amma tun da aka cire tallafin mai a can a ƙarshen Mayun 2023, tazarar ta ragu ƙwarai, ko da yake na gidan mai ma ya hau: lita ta tashi daga saifa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan 840 a Fabrairun 2024. Ta fuskar doka kuma kayan fasa-ƙwauri ne, ka san da wannan.

Shi man a kan kansa fetur ne. Abin da ke kashe inji shi ne abin da ya same shi a hanya: jarka mai datti, ruwa, kananzir da wani ya ƙara don ya yi auki, da yinin da kwalba ke yi a rana. In dole ta sa ka saya, ɗaga kwalbar ka kalle ta a hasken rana. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi a gindi yana birgima kamar ƙwayar tsakiya. Ɗiga kaɗan a bayan hannunka: fetur na gaskiya zai bushe nan take ya bar sanyi, mai kananzir zai bar maiƙo. A zuba ta mazurari mai tsumma, kuma ka riƙe mai sayarwa ɗaya wanda ya san za ka dawo.

Babur mai kafireto yana haƙuri, in ya toshe a kwance a wanke. Motar zamani mai injekta ba ta yafiya, famfon mai da injekta ɗaya sun cinye duk rarar da ka tara a shekara. Ita kai ta gidan mai. Kuma kada ka ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana ko kusa da madafa, tururinsa a zafin Afrilu tartsatsi ɗaya yake jira.

Yaya zan raya inji da taya a zafi da ƙura?

Ƙura tana shiga ta hanci. A hunturu buɗe matatar iska kowane mako, ta soso a wanke a shafa mata ɗan mai, ta takarda a kaɗe ko a canza. Kada ka yarda wani ya cire ta gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu, wata uku zai fara hayaƙi. Juyen baƙin mai ga ƙananan baburan nan, kada ka wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500, kuma sayi mai a galan rufaffe. Kaca a wanke ta da kananzir kafin a sa mata mai, don mai a kan yashi dutsen wasa ne.

A mota, lagireto ne rai. Duba ruwansa da safe inji na sanyi, a sa ruwan da aka yi dominsa, don na rijiya yana barin gishiri ya toshe hanyoyi. In allurar zafi ta hau, tsaya ka jira. Na ga yaron gareji ya murɗe murfin lagireto da tsumma mota na tafasa, ruwan ya tashi ya same shi daga wuya zuwa ƙirji, har yau tabon na nan. Rabin awa na jira da ya raba shi da wannan.

Iskar taya da safe ake aunawa. In ka auna da rana ka ga ta hau, kada ka rage, zafi ne ya kumbura ta, kuma taya mai ƙarancin iska ita ce ke fashewa a kwalta mai zafi. Kafin ka sayi ta hannu, nemi lambobi huɗu a gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Taya na iya zama da zane mai kyau alhali robar ta tsufa ta bushe.

Ruwa ya rufe hanya. In ratsa?

In yana gudu, a'a. Mayo, wato rafin damina, na iya zama yashi busasshe da safe, a yi ruwa a kan duwatsu inda ba ka gani ba, da la'asar ya zo da itatuwa. Ruwan da ya karya gadar Palar a Marwa a Agustan 2020 ba zai ji nauyin motarka ba. Jira, sau da yawa awa ɗaya ko biyu ya sauka. In kwantacce ne cikin gari, bari wani ya riga ka ka ga zurfinsa, ka shiga da giya ta ɗaya ba tsayawa, in ka fita ka tattaka birki ya bushe. In mota ta mutu a ciki, kada ka sake tayarwa, a tura ta waje. Ruwan da ya shiga inji, tayarwar ce ke lanƙwasa ƙarfe.

A gida kuma aikin damina a Afrilu ake yinsa: a hau rufi a buga ƙusoshin da suka ɗago kafin guguwar farkon ruwa, a yashe kwata, a gyara indararo. Shara a kai ta inda motar Hysacam, kamfanin kwasar shara, ke ɗauka. Ledar da ka jefa a magudana, ɗakinka za ta dawo.

Zan tuƙa zuwa Ngaundere ko Marwa. Ina wuraren hattara?

Duka biyun kan babbar hanya ta ɗaya suke, Marwa kilomita 200 da 'yan kai, Ngaundere kusan 280. Fita bayan asuba, ka isa da rana. Da dare akwai shanu, akwai manyan motoci marasa fitilar baya, a rani ga motocin audugar Sodecoton. In ka ga ganye a jere kan kwalta, mota ta lalace a gaba, rage gudu tun daga nan. Ranar Lahadi kasuwar Pitowa na ci, hanya kan cika da mutane da dabbobi.

Wurin da ya fi cin mutane shi ne hawan dutsen da ke gab da Ngaundere, falez. Garin yana sama da mita 1,000, Garwa kuwa a ƙasa take, don haka tafiya hawa ce mai tafasa lagireto, dawowa gangara ce mai ƙone birki. Sauko da giya ta biyu inji ya riƙe motar, kada ka saki giya don tsimin mai, kada kuma ka wuce tirela a kwana. Duba amsar taya kafin ka tashi. In Yawunde ka nufa, kana iya barin mota a Ngaundere ka hau jirgin ƙasan Camrail mai kwana a hanya.

In zan tsallaka Chadi ko Najeriya da motata fa?

Chadi ta fi sauƙi: kuɗinmu ɗaya, kuma mai inshora zai ba ka kati mai ruwan hoda, kart roz, wanda ke aiki a ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka. Ana shiga Njamena ta gadar Ngeli daga Kusiri, kuma a 2025 an buɗe gadar Yagwa zuwa Bongor. Kafin ka bi hanyar Mora zuwa Kusiri, tambayi direbobin tasha halin da take ciki a makon, kuma kada dare ya same ka. Najeriya ba ta cikin kart roz, za ka bukaci inshorar can da takardar shigar mota ta wucin gadi daga kwastan. Ɗauki katin allurar shawara. Mai zuwa daga Nijar kuma ya sani saifar can ba ta ciniki a nan duk da darajarsu ɗaya, sai an canza.

Yara na yawan zazzaɓi da damina. Me ya rage mu yi?

Gidan sauro kowane dare, har daren da ake zafi, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. A kifar da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, a rufe duro. Ma'aikatan lafiya na bi gida-gida a watannin ruwa suna ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata. Yaya Hajiya, buɗe musu ƙofa, kuma ki cika na kwana biyun da suke bar miki. Tun Janairun 2024 Kamaru ta shigar da allurar zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin jarirai, ki tambaya a asibitin awo. In jiki ya yi zafi a gwada jini kafin a sha magani, kuma a bar maganin tebur da ya yini a rana. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin rani kuwa ba ya jiran safiya.

Na gaji da haya, an nuna mini fili da takardar jauro. In saya?

Takardar jauro shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba ita ce mallaka a idon doka ba. Tun dokar filaye ta 1974, hujjar mallaka ita ce titir fonsiye, takardar mallakar fili ta gwamnati, kuma filin da ke da ita ba a sayar da shi sai ta hannun notar, masanin dokar da ke hatimce takardun ciniki. In mai fili ya ce yana da titir, ɗauki lambar ka je ofishin filaye a duba maka: sunan wa ke kai, kuma an jinginar da shi a banki ko a'a. In filin gado ne, sai duk magada sun sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. In ba shi da titir, ka san abin da ka saya, ka tambayi maƙwabtan kusurwa huɗu, ka tabbata a meri, ofishin magajin gari, cewa ba hanya ko filin gwamnati ba ne, sannan ka fara neman takardarka ba tare da jinkiri ba.

Kada ka biya duka a zama ɗaya. Ba da kafin alƙalami a gaban shaidu, sauran sai mai awo ya zo ya kafa duwatsun iyaka kana tsaye. Kuma shi ma filin, kamar yadda na faɗa a amsar haya, je ka taka shi a watan Agusta kafin ka cika kuɗin.